Inuwata Ta Tare Majigi

Yaya Talatu, jiya da dare wani mafarki na yi, tun asuba kuma yake cin raina, ko karin kumallon kirki ban yi ba. Na fara gaya wa maigidana Baban Ummi, mutumin nan ko kai bai ɗago daga rediyonsa ba ya ce ɗanwaken da na ci da magariba ne. Wai ɗanwake. Kina ba mutum labarin abin da ya hana ki sukuni, shi yana lissafa miki kanwa da barkono. Shi ya sa na ce bari in rubuto miki, tunda an ce mafarki masoyi ake gaya wa, ke kuma kin yi aikin nan kin sauke lafiya, babu lungun da ba ki sani ba a cikinsa.

Amma sai na fara gaya miki wainar da ake toyawa a makaranta, don tun da kika yi ritaya kika samu jikoki ko leƙo mu ba kya yi. An kawo mana majigi, irin na yanzu da ake haɗawa da kwamfuta ya haska hoto a bango. An rataye shi a silin ɗakin gwaje-gwaje, allon da ke wurin kuma aka bi shi da farin fenti. Sai Hajiya firinsifal ta tara mu ta ce daga yau da shi za a riƙa koya wa 'yan aji shida bayoloji, kuma jibi Litinin ni da Malam Nura kowa zai yi darasi guda da shi a gaban baƙi daga ofishin shiyya. Wanda ya iya, shi zai riƙe aji shida. Wanda bai iya ba ya sauka ya koya wa 'yan aji ɗaya kimiyya. Malam Nura ba ki san shi ba, bara aka turo mana shi. Mai ladabi ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai kamar da kwamfuta a hannu aka haife shi. Ni kuwa tun 'yan matan nan suna aji huɗu nake fama da su, bana za su zana jarrabawar fita, yanzu tuwo ya kusa kwashewa a ce in miƙa wa wani muciya. Wallahi abin yana min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar Alhamis na gwada abin. Wayar da ta haɗa kwamfutar da majigin gajera ce, saboda haka teburin mai dannawa can bayan aji aka ajiye shi. Yadda gwajin ya ƙare kada ma ki tambaye ni, ki dai saurari mafarkin.

Na gan ni a tsohon ajinmu na gindin darbejiya, wanda rufinsa ke yoyo. An yi wa allo sabon baƙi irin yadda muke sa a yi ranar Juma'a, a fasa tsofaffin batura, a kwaɓa baƙin cikinsu da ruwa, a shafe allon da tsumma. Ya bushe ya yi sumul. Na ɗauki jan alli da shuɗi na fara zana zuciya, don ita ce darasin da aka ba ni na ranar Litinin. Tun da nake zana ta ban taɓa yin wadda ta kai wannan kyau ba. Ɗakunanta huɗu sun fito fes, jinin da ya sha iska ja, wanda bai sha ba shuɗi, kowace kibiya ta nufi inda ya dace. Har na ja da baya ina yaba wa kaina. Sai wata murya daga bayan aji ta ce, "Ba da alli aka ce ba."

Na waiwaya. Aji cike yake, amma ban ga mai maganar ba. Na ce to da me aka ce? Na sake tambaya, ba wanda ya tanka. Da na juyo sai na tarar baƙin allon yana narkewa yana gangarowa, ya tafi da zanena gaba ɗaya, ya taru a gindin bango har ya ɓata min takalmi. Abin da ya rage a wurin farin ƙyalle ne iska tana kaɗa shi.

Sai kawai na gan ni a ƙofar gidan mai garinmu, can ƙauyen da aka haife ni, filin da motar majigi ke tsayawa muna yara. Ke 'yar birni ce, ban sani ba ko kin taɓa ganin irin wannan. Mota ce ke zuwa da la'asar, mai shela ya zaga gari ya ce yau akwai majigi, a kafa sanduna a ɗaura farin ƙyalle, in magariba ta wuce a tada inji. Su nuna yadda ake feshin auduga, da yadda ake haƙa masai, da amfanin kai yara a yi musu lamba, wato rigakafi. Akwai mutum guda a gefen mota da lasifika a hannu, shi ke faɗa wa mutane abin da suke gani, don fim ɗin ba ya jin Hausa. Abin da ya ga dama shi yake faɗa, wa zai ƙaryata shi?

To haka na tarar da filin, gari duk ya fito, maza gefe mata gefe. Sai dai a gaba inda yara ke zama, 'yan ajina ne zaune a ƙasa da fararen hijabansu, kowace da littafi a cinya. Hajiya firinsifal tana kan kujerar mai gari, baƙin nan na shiyya a gefenta, kowa da biro a hannu. Har kakata na gani, wadda ta rasu tun ina firamare, tana zaune tana kaɗi a cikin duhu, ko duba na ba ta yi ba.

Mai lasifika ya gyara murya ya ce, "Jama'a, yau Malama Uwani za ta koya mana zuciya." Faifai ya fara juyawa da ƙarar nan tasa, haske ya ratsa ta saman kawunan mutane, ƙwari suna yawo a cikinsa. Wani jan abu ya fara bayyana a jikin ƙyallen. To ni me na sani? Malamar allo ce ni. In zan koyar da abu sai na je kusa da shi na ɗora yatsa na ce ga shi nan. Na ratsa yara na isa gaban ƙyallen na ɗaga hannu. Ke dai bari. Inuwata ce ta hau ta cinye hoton gaba ɗaya, kaina ya kai girman rumbu, ga ɗaurin ɗankwalina, ga hannu ɗaya a sama. Mutane suka fara guna-guni, a zauna, a zauna, irin yadda ake yi wa yaron da ya miƙe a tsakiyar kallo.

Shi kuwa mai lasifika ko a jikinsa. Ya ci gaba da aikinsa da muryar nan mai sanyi, ya ce, "Wannan baƙin abu da kuke gani, jama'a, ita ce tsutsar da ke cinye auduga. Duk wanda ya gan ta a gonarsa ya hanzarta yi mata feshi." Ni ce fa tsutsar, Yaya Talatu. Na ga baƙin nan sun sunkuya sun rubuta. Na ce Malam, ni ce, ba tsutsa ba ce, amma ƙarar inji ta danne muryata. Na matsa dama, ƙyallen ya biyo ni. Na matsa hagu, ya biyo ni. Na durƙusa, sai inuwar ta durƙusa ta ƙara faɗi, shi kuma ya ce ga ta nan ta kwanta tana ƙwai. Takaici ya ishe ni, na nufe shi in ƙwace lasifikar, sai fim ɗin ya maƙale kamar yadda yake yi a da, wani ɗigon wuta ya fito a tsakiyar ƙyallen ya yi ta faɗi har ya cinye komai, filin ya yi warin ƙonannen roba.

Sai kawai ga ni a kwalejinmu ta horar da malamai, a ɗakin kayan koyarwa. Kin riga ni shiga, amma na san kin tarar da Malam Iliya, kuma kin san akwatin nan nasa da ke lulluɓe da zane a kusurwa, mai gilashi a sama da dogon wuya da madubi a kai. Wai ana rubutu a kan farar leda a ɗora a gilashin, sai ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Wai, na ce, don mu dai ba mu gani ba. Ƙwan fitilarsa ya mutu tun kafin a ɗauke mu, aka ce an aika a kawo wani, muka gama muka fito bai iso ba. Da alli Malam Iliya ya zana mana majigin a allo ya koya mana shi, muka kwafa, ranar jarrabawa aka ce a zana a sa sunayen sassansa, ni na fi kowa maki. Na ci jarrabawar majigi ban taɓa ganin haskensa ba. Kuma kullum in ya shigo sai ya buga tebur ya ce mana gani ya kori ji, mu kuwa jin kawai muke yi.

A mafarkin sai ya yaye zanen, ya danna, abin ya kawo haske. Bai tsufa ba, yana nan da guntun wandonsa da biro a bayan kunne. Ya miƙo min leda da alƙalaminta. 'Yan ajina suna zaune a kujerun da muke zama, Hajiya da baƙinta a layin baya. Na ce alhamdulillahi, wannan kam zan iya, ai zane ne. Na zana zuciya a ledar na ɗora. Ta fito a bango kanta a ƙasa. Na juya ta, ta miƙe, amma hagu ta koma dama. To ke kin san a zuciya in yarinya ta sa ɗakin hagu a dama ta faɗi tambayar nan ta gama. Na sake juyawa, rubutun ya koma kamar na ajami, daga dama yake farawa. Duk juyin da na yi kuma hannuna ne ke fitowa a bango, ƙato, kowa na kallon lallen da ya koɗe da kaushin da alli ya yi min a yatsu. Ni da ko a biki ba na son a ƙura wa hannuna ido.

Na ce Malam, yaya ake ɗora ta? Ya ce, "Gani ya kori ji." Na ce na ji, amma ta wane gefe? Ya ce, "Gani ya kori ji." Haba. Mutum ya koya miki abu da baki tsawon zamanki a kwaleji, ranar da abin ya yi aiki kuma ya ƙi buɗe bakin. Na bar ledar yadda take na nufi bango, na ce bari in nuna musu da hannu cewa wannan gefen shi ne wancan. Ina isa inuwata ta rufe komai. Wata daga cikin yaran ta ce, "Malama, kin tare."

Malam Iliya kuma sai ya jawo wani injin, mai ƙananan hotuna da ake jerawa, wanda in an danna yake cewa ƙwas. Ya danna, ƙwas, sai ga inuwata a kan wani dutse mai ƙanƙara. Ƙwas, ga ni a kan jirgin ruwa. Ƙwas, ga ni a tsakiyar 'ya'yan Turawa da manyan riguna suna kallon wani kwaɗo a kwalba. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, an zaga duniya da inuwata, zuciyar da aka ce in koyar ko alamarta babu. Na ce Malam don girman Allah ka tsaya. Ya ci gaba da dannawa.

Sai kawai na ji ƙamshin wake da shinkafa, na duba, ashe ɗakin cin abinci ne na makarantar da muka fara haɗuwa da ke. Kin tuna talabijin da bidiyon da aka kawo mana a lokacin? Wanda aka kira mai walda ya yi musu kejin ƙarfe aka sa kwaɗo, makullin kuma yana hannun mataimakin shugaba, shi kuwa kullum ya yi tafiya. Ran da aka dace yana gari sai a kwashe makaranta gaba ɗaya a cusa a ɗakin, na gaba su gani, na baya su yi ta faɗa a kan benci, kaset ɗin kimiyya guda ɗaya tal, yana fara daɗi a ɗauke wuta. Haka muka yi ta yi har ɓera ya shiga bidiyon ya haihu.

To a mafarkin kejin yana nan, talabijin tana ciki tana aiki, ba a ɗauke wuta ba. Matsalar ni ma ina ciki. A tsugune nake a gabanta, bayana na jin ɗuminta, an rufe an sa kwaɗo. Ina jin wani Bature yana bayani a bayana, ina jin bugun zuciya dum, dum, amma ni ban gani ba, yara ma ba su gani ba, ni suke gani ta tsakanin ƙarafa. Suna ta leƙe, wannan ta karkata nan, waccan ta hau benci. Hajiya firinsifal ta ce, "Malama Uwani, ki ɗan gusa mana." In gusa ina? Keji ne fa.

Kuma ke kina wurin, Yaya Talatu. Kina zaune a bakin taga kina ɓare gyaɗa, makullin a ɗaure a bakin mayafinki, ina ganinsa yana lilo. Na kira ki, Yaya Talatu, Yaya Talatu, ki buɗe ni. Kika dube ni sama da ƙasa, kika hure ɓawon gyaɗa, kika ci gaba da ci. Wannan ma sai kin ba ni bayaninsa daban, don har yanzu da sauran haushinki a raina.

Sai kawai ga ni a ɗakin gwaje-gwajenmu na yanzu, kuma na san Litinin ce, haka dai mutum ke sanin abu a mafarki ba wanda ya gaya masa. An ja labulaye, ɗakin ya yi duhu. A kan dogon teburin baya an jere su duka, na motar ƙauyenmu da faifansa, na Malam Iliya mai dogon wuya, mai ƙwas ɗin nan, talabijin da kejinta, sai sabon namu a sama yana ƙifta jan ido. Malam Nura ya taso ya rusuna ya gaishe ni, ya sa min rimot a hannu, ya koma ya zauna. Ko a mafarki ladabinsa bai bar ni na samu abin da zan riƙe shi da shi ba, wannan ma wani haushin ne.

Na danna ina tsaye inda ƙafata ta saba, gaban allo. Na duba jikina, ashe a kan mayafina zuciyar ta sauka, tana bugawa a kafaɗata, wata jijiya ta bi ta wuyana ta haye kunne. Hajiya ta ce, "Malama Uwani, don Allah ki koma baya." A hankali ta faɗa, da muryar da take yi wa iyayen yara magana. Na ce Hajiya, in tsaya a gefe mana. Na duba gefen, babu shi, bango ya matso dama da hagu ya haɗe da kujeru. Ba yadda na iya, na bi ta tsakiya na koma baya wurin kwamfuta.

Zan faɗa miki gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Hoton ya yi kyau. Abin da na yi shekara da shekaru ina kwatanta musu da dunƙulallen hannu, ina matsewa ina saki, ga shi a bango yana yi da kansa. Ƙofofin nan da nake cewa su ɗauka kamar ƙyauren ɗaki ne, ga su suna buɗewa jini ya wuce su rufe. Allina ba zai taɓa yin haka ba, ko zan kwana ina zane. Ni kaina na saki baki ina kallo har na manta da baƙi. Daga baya na tattaro hankalina na yi bayani daga nan inda nake, kuma bayanin ya zauna, ban yi tuntuɓe ba. Da na kai ƙarshe na yi tambayar da muka gada, na ce, "Kun gane?" Suka haɗa baki suka ce, "Mun gane, Malama."

To ke kin san wannan amsar ko kyauta aka ba malami ba ya karɓa. Tun da aka fara boko ba a taɓa tambayar aji kun gane suka ce a'a ba. Mu ba amsar muke saurare ba, fuska muke dubawa. A ajin nan nawa na san Rukayya in ta ɓace bakin hijabinta take taunawa. Na san wadda ta fi kowa gyaɗa kai ita ce ba ta ɗauki komai ba. Akwai wadda in ta gane sai ta taɓo ta kusa da ita, in ba ta gane ba sai ta hau gyaran biro. Da wannan nake sanin inda zan koma in maimaita, da shi na kawo su inda suke. Daga bayan ajin kuwa ba abin da nake gani sai ƙeyar hijabi, farare, iri ɗaya, layi bayan layi.

Na ce ina, ba zai yiwu ba. Na ajiye rimot na ratsa na koma gaba, na juyo in dube su. Hasken ya doke ni a ido, ban ga ko fuska ɗaya ba, fari fat kawai nake gani har hawaye ya zubo min. Daga cikin farin aka ce, "Malama, kin tare." Na koma baya, ƙeya. Na dawo gaba, haske. Na yi ta safa da marwa, gumi ya jiƙa min baya, ina jin birukan baƙi suna ta aiki. Haushi ya kawo min iya wuya, na tsaya a tsakiyar aji na ɗaga murya na ce, "Na ce kun gane?" Suka sake rerawa, "Mun gane, Malama." Amsar tana lafawa sai wata 'yar murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ni ban gane ba, Malama."

Tun da na fara koyarwa yarinya ba ta taɓa buɗe baki ta faɗa min haka a gaban 'yan uwanta ba, balle a gaban baƙi. Na ce wace ce? Na ce babu duka babu zagi, wace ce ta yi magana? Muryar na san ta, wallahi na san ta, amma na kasa ɗora ta a kan suna. Na bi layi ina sunkuyawa ina leƙa fuska, duhu ya hana ni gani. Ina taɓa kafaɗa ina cewa ke ce, ke ce, kowace idonta na kan bango, ba wadda ta waiwayo.

Na nufi taga. Hajiya ta ce, "Kada ki buɗe, hoton zai ɓace, baƙi ba su gama dubawa ba." Na ce Hajiya, a yi min haƙuri, akwai wadda ba ta gane ba. Sai ta ce, "Lokacinki ya cika. Malam Nura, bismillah." Na ji ya ja kujera ya miƙe. Na ce to hoton ya daɗe bai ɓace ba. Na kama labulen da hannu biyu na fizga da iya ƙarfina.

A nan na farka, gidan sauro ne a hannuna, na tsinko shi daga ƙusa ya rufto mana, ladan yana kiran salla. Hasken bai kai ga shigowa ajin ba, ban ga fuskar kowa ba.

Tun da na idar da salla nake bin yaran nan ɗaya bayan ɗaya a raina, ina gwada muryar a bakin kowace, ta ƙi zama. Na yi shara ina yi, na ɗora sanwa ina yi, har miya na kusa ƙonawa. Ban taɓa jin mafarki ya bar min takaici irin wannan ba, kuma ga Litinin tana ƙaratowa, ban san da wace fuska zan shiga ɗakin nan ba.

Don Allah Yaya Talatu ki duba min, in kuma ya fi ƙarfinki ki tambayar min wanda ya sani, amma kada ki faɗi sunana. Nuna min ake yi lokacina ya wuce, in je in sami Hajiya tun kafin a tara baƙi in ce na haƙura, a ba Malam Nura, yara su ga abin da allina ba zai iya nuna musu ba? Ko kuwa nuna min ake yi akwai wata a ajin nan da in na sauka babu mai tsayawa ya nemi fuskarta? In na tsaya ina tare musu, in na matsa ban san wa zai neme ta ba. Ke da kika ƙare ƙarfinki a gaban allo, ki gaya min gaskiya kada ki lallashe ni. Yarinyar nan da ta ce ba ta gane ba, roƙona take kada in tafi, ko kuwa ni ce dalilin da ya sa ba ta gane ba?